Kwas ɗin Sojoji da Sunanka Biyu

Ƙanena Saje Habu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Fatakwal, ya Maryam da yara? Mu nan lafiya lau.

Jiya na kai wa wani Kanar mai ritaya shadda a Nassarawa. Yana kwamitin tsara kwas da zai haɗa ƙananan sojojin ƙasa, ruwa da sama aji ɗaya. Na yabi zaɓinsa, bakinsa ya buɗe: in ba kwas, ba ƙarin girma, kuma sai sunan takardar sakandare ya dace da na aiki.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mai suna biyu fa?"

Ya ce, "Sai dai ya yi ritaya yana saje."

Takardarka Abubakar Musa ce, soja kuwa Habu Giginyu suka sani. Maza kotu, ka yi rantsuwa tun ba layi.

Gaida Maryam, a sa mu a addu'a.

Yayanka, Ɗanlami