Baitin da Babu a Waƙarka, Baba

Assalamu alaikum, Baba. Gaisuwa da ban girma daga 'yarka Rakiya, daga nan Rusaifa a birnin Makka. Allah Ya kai haske kabarinka.

Na gaji, Baba. Ba gajiyar aiki ba, wannan na saba da ita. Tun makon jiya waƙarka ke yawo a kaina, ta hana ni sakat.

Ka tuna lokacin da nake makarantar ungozoma, darasin halittar ɗan tayi ya ƙi shiga kaina? Kai kuma ka shekara da shekaru kana koya wa yaran sakandare tsofaffin waƙoƙin Turawa, kana mita. Kullum sai ka ce, "Mutum da gemunsa ya zauna yana yi wa tsuntsu kirari."

Sai ka ɗauko ɗaya daga cikinsu, ka bar mata karinta da duk fankamarta, ka kori tsuntsun, ka zaunar da ɗan tayi a gurbinsa. Ka miƙe tsakar gida, hannu a ƙirji kamar Baturen da ya yi waƙar, kana rerawa da Turancinka na malaman da: ya kai gudan jini, baƙon da bai yi sallama ba, ka kama ɗaki ka hana matar gida cin tuwo. Inna ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ta yi dariya har da riƙe ciki.

Baiti baiti ka bi da shi, daga ɗigo zuwa gudan jini, zuwa tsoka, zuwa ƙashi, har wata huɗu da mala'ika zai busa rai. A nan ka rufe. Da Malam Sani maƙwabcinmu ya ce kana cakuɗa ayar Alƙur'ani da wasan Nasara, amsarka ba ta wuce, "Aron kwano na yi, Malam, tuwon namu ne." Da waƙar nan na ci jarrabawa.

Yanzu a wani asibitin haihuwa nake aiki, kullum ina auna cikin matan mutane. Nawa cikin kuma, na uku ke nan, ya zube ranar Talata. Namiji ne, Baba. Na ga yatsunsa.

Ka san hukuncin. In ya cika wata huɗu a yi masa wanka, a sa masa suna, a sallace shi. A garin nan kuwa Harami ake kai gawa, dubban mutane su tsaya a kanta. In bai cika ba, a naɗe a ƙyalle a binne, shi ke nan.

Mai gidana Usman ya kira limamin unguwarmu a waya, liman ya tambayi watannin. Usman bai san lissafin ba, sai ya juyo yana kallona. Na gane me idonsa ke roƙo. Da na ce ya cika, babu mai ƙaryata ni, ni ce ungozomar. Amma da saura 'yan kwanaki, kuma na sani. Na ce bai cika ba.

Usman ya fita da shi a farin ƙyalle, shi kaɗai. Har yau ban sani ba ko ya gode min ne ko ya riƙe ni a zuciya, kuma ba ni da ƙarfin tambaya.

Na gwada ƙara wa waƙarka baiti ɗaya, na wanda ya juya tun bai iso ƙofa ba. Na kasa, Baba. Kai ne ka iya sa mutum dariya da hawaye a fuskarsa. Ina kewarka ƙwarai.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya sa Aljanna ce makomarka, mu kuma Ya ba mu haƙurin abin da Ya karɓa. Idan Ya nufa ka haɗu da jikanka a can, ba shi da suna. Ka ba shi naka.

'Yarka,
Rakiya