Hayaƙin Ƴan Chana Ƙarƙashin Bargo

Anti Fauziyya, don girman Allah ki agaza min, na rasa tudun dafawa. Likitocin Zariya sun ce maigidana, Malam Siddiq, yana da ciwon daji a huhu. Ƙanensa Lukuman direba ne a wani kamfanin ƴan Chana a Abuja, shi ya kawo mana wasu sandunan busasshen ganye kamar sigari mai ƙiba. Wai a ƙasarsu kunnawa ake yi a kusanta da fatar maras lafiya, ɗumin ya rage masa kasala. Sau ɗaya ya ga an yi wa ogansa, amma yanzu duk unguwarmu ta Iku Dakta ake kiransa, har tabarau ya saya.

Ana haka yayarsu, Yaya Sakinatu, ta iso daga Diko. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an yi hayaƙi babu lulluɓi ba, ɓarnar magani ce. Kullum sai ta zuba sandunan a kasko ta kunna, ta rufe taga, ta lulluɓe Malam da bargo. In ya yi tari kamar ransa zai fita, ta ce ciwon ne ke fitowa. Ranar komawarsa asibiti har ta wuce. In na yi magana a ce ba na son ya warke, in na yi shiru ina tsoron rasa shi.

Mai Kukan Zuci, Iku, Suleja

Ƴar'uwa, Allah ya sanyaya miki. Lukuman da Sakinatu ƙauna ce ta sa su, amma Malam ba kifi ba ne da za a yi ta bandarsa. Masu maganin ma fata suke ɗumamawa, ba shaƙa suke yi ba, kuma ba su ce yana maye gurbin asibiti ba. Huhun da ke ciwo iska yake nema.

Ki buɗe tagar nan yau. Ki samu Yaya cikin ladabi ki ce a daina lulluɓin, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Shi kuwa Dakta, ki yaba masa, sannan ki roƙe shi aikin da ya fi ƙwarewa a kai: ya tuƙa yayansa zuwa Zariya, da sandunan a aljihu, likita ya faɗi ko za a ci gaba da su da yadda za a yi.

In sun yi fushi, su yi. Gara a zage ki mijinki na numfashi, da a yabe ki kina takaba. Allah ya ba Malam sauƙi, ya bar ku tare.