Akwatin Baba Sai-an-auna Yana Wuyanmu

Cikin alhini da sallamawa ga ikon Allah, Ƙungiyar Kafintocin Layin Katako ta samu labarin rasuwar ɗaya daga cikin iyayenta, tsohon Mai Ladabtarwa, memba a Kwamitin Amintattu, kuma dattijo a ikilisiyarsu, wanda babba da yaro ke kira Baba Sai-an-auna, wanda Allah ya yi wa rasuwa da safiyar Litinin bayan gajeriyar jinya, ya bar mai ɗakinsa da 'ya'ya huɗu da jikoki tara.

Tare da labarin ne damuwar mai ɗakinsa, Mama, ta iso mana. Shekara talatin da ɗaya marigayin ne kaɗai ke haɗa akwatin gawa a wannan layi, ga shi ranar Juma'a za a yi jana'izarsa, kuma babu wanda ya gaji aikin. Da shugabanninmu suka je gaisuwa, abin da ta ce ke nan: "'Ya'yana, ya yi wa mutane da yawa da hannunsa, ba na so a kwantar da shi a cikin na baƙon hannu." Maganar ta yi mana nauyi, domin mu masu gado da kujera da kabad ne, kuma mafi yawanmu ba addininsa muke bi ba.

Marigayin bai taɓa ɓoye bangaskiyarsa ba, bai kuma taɓa tusa wa kowa ita ba. Kowace safiya, kafin ya taɓa zarto, zai tsaya a bakin rumfarsa ya cire hula ya yi addu'a a fili cikin sunan Yesu, ya roƙa wa layin nan tsari daga gobara da yankan inji, yana ambaton maƙwabtansa ɗaya bayan ɗaya. Yana goge katako yana rera waƙoƙin sujada da wata murya da, Allah ya sani, ba don waƙa aka halicce ta ba, mun sha tsokanarsa cewa zarton ya fi shi zaƙi. Ranar Lahadi kuwa ko wane ne ya zo da aiki sai ya jira Litinin. Sunan da ya bi shi ya samo asali ne daga halinsa: ba ya cewa katako ya bushe alhali ɗanye ne, ba ya yanke wa mutum ranar da ya san ba zai cika ba, amsarsa kullum ita ce sai an auna. A zamaninsa na Mai Ladabtarwa ma haka ya riƙa sasanta rigingimunmu, sai ya ji ta bakin kowa.

Ya zama dole mai sa hannu a wannan takarda ya faɗi wata gaskiya a kansa. Ni ne na taɓa kawo ƙara gaban taro cewa akwatunansa na korar mana masu sayen gadon aure, a tilasta masa ya koma bayan layi. Bai yi fushi ba. Ya ce, "Ƙanena, zan sa labule saboda ku, amma aikin nan ibada ce a wurina, ba zan yi ta a ɓoye kamar ɓarawo ba." Ya sa labulen a ranar. Bayan wata biyu, da inji ya datse mini yatsa, shi ya riƙe hannuna har asibiti yana addu'a, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa tuna mini da waccan ƙarar ba. Ina jin kunyar abin har yau.

Saboda haka Ƙungiya ta zauna ranar Talata ta yanke shawarar ɗaukar wannan aiki. Ba mu iya ba, kuma ba mu ɓoye wa iyalin ba. Akwatin farko da muka haɗa ya yi kyau a ido, sai dai mun ɗaura masa mariƙai irin na kabad, da Mama ta gani ta girgiza kai ta ce, "Mutum fa za a ɗauka, ba kwanuka ba." A cikin makon nan wannan ne karo na farko da aka ga murmushinta. Muka kwance, muka sake, babbar 'yarsa na zaune tana nuna mana yadda ta saba ganin mahaifinta yana yi.

A madadin Shugaba, Kwamitin Amintattu da ɗaukacin membobi, muna miƙa ta'aziyyarmu ga Mama, da 'ya'ya da jikoki, da Fasto da dattawan ikilisiya, muna roƙon Allah ya ba su haƙuri da ƙarfin zuciyar jure wannan babban rashi, ya kuma raya abin da ya bari.

Ana sanar da jama'a cewa duk rumfunan layin za su kasance a rufe ranar Juma'a. Mama, akwatin ya kammala. Mutum goma sha bakwai ne suka sa hannu a cikinsa, babu baƙo ko ɗaya, kuma mu za mu ɗauke shi a kafaɗa har cikin majami'a.

Sa hannu:
Kawu Gajere
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Kafintocin Layin Katako