Tashoshin da Shige Ya Gina wa Sumie

Yonago, 6 ga Afrilu

Zuwa ga Sumie-san,

Gaisuwa mai yawa. Itatuwan bakin kogi sun yi fure, amma sanyin safiya bai sake mu ba. Ina fata kina samun hutu a gidan ƙanwarki Tokiko-san, wadda na san ita za ta karanta miki wannan.

Tun bayan addu'ar kwana arba'in da tara nake shiga ɗakin ƙananan jiragen ƙasa na marigayi mijinki da mabuɗin da kika bar mini. Ɗakin taron unguwa ya yarda ya karɓi teburin da ya gina ƙaramin layin dogonsa a kai, gaba ɗaya, da tsaunukansa da gadojinsa da ƙananan tashoshinsa talatin da ɗaya. Za a rufe shi da gilashi, a rubuta sunansa, Kuwabara Shigenobu.

Shekara arba'in ke nan da na haɗu da Shige a wata tasha da dusar ƙanƙara ta tare mu. Ya raba dunƙulen shinkafarsa biyu ya miƙo mini, ya ce, "Ci, ɗan'uwa, jirgin nan sai ya ga dama." Babu layin dogo a ƙasar nan da bai hau ba, kuma rabinsu tare muka hau.

Shi ya sa ba na so baƙi su yi masa dariya. Fentin rufin tashoshin duk ya goge, bencunan sun fi ƙofofi girma, tsakuwar layin kuwa kamar duwatsu. Na fara gyara. Na sake fentin tasha tara, na cire manyan kayan na sa daidai ma'auni.

Ki kula da lafiyarki.

Terashima Isamu

Kurayoshi, 10 ga Afrilu

Terashima-san,

Muna lafiya, na gode da wahalar da kake sha saboda abokinka. Ina faɗa, Tokiko tana rubutawa.

Don Allah ka ajiye burushin.

Shekara ashirin da biyu da suka wuce, da idona ya tafi, Shige ya daina tafiya. Wata shida yana zaune a gida yana bin bayana da kofin shayi. Na gaji, na ce masa, "Maigida, ni ce makauniyar, kai kuma me ya same ka? Tashi ka tafi, ka dawo mini da labari."

Ya tafi tsibirin Hokkaido, ya dawo yana ta zuba, ni kuwa ban ga komai ba. Na gaya masa haka. Bayan mako uku ya kama hannuna ya ɗora a kan wani ɗan rufi, ya ce, "Sauka, mun iso." Ya bi da yatsana ta dandamali, ta benci, har inda tsohuwa mai sayar da dafaffen dankali take zama. Bencin farko ya yi shi daidai ma'auni, na karya shi ban ma san yana wurin ba. Daga nan ya koma yin su manya.

Fentin da ka ga ya goge, yatsuna ne. Da santsin rufin nake gane inda nake.

Ban yi fushi ba. Ta yaya za ka sani?

Sumie

Ni Tokiko ce. Yaya ta ce kada in rubuta cewa ta yi kuka, to ban rubuta ba. Malam, ka bar kayan mutane yadda ka same su.

Yonago, 13 ga Afrilu

Sumie-san,

Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin ƙofa, sai da na nemi wurin zama.

Shekara ashirin ina tsokanarsa a gaban 'yan ƙungiyarmu ta masu haɗa ƙananan jirage. Nakan ɗaga benci in ce, "Shige, wannan na fasinja ne ko na ɗan kokawa?" Sai ya yi dariya ya ce, "Fasinjata ba ta yi ƙorafi ba." Na ɗauka zancen banza ne irin nasa.

Ban zubar da komai ba. Duk abin da na cire yana cikin gwangwanin biskit, sai dai ban san wanne ne na ina ba. Fentin kuwa ba ni da yadda zan yi in mayar. Na je ɗakin taro na ce su dakata.

Idan za ki iya zuwa, ki nuna mini. Ina neman gafararki, da ta Tokiko-san, wadda ta yi gaskiya.

Terashima

Kurayoshi, 22 ga Afrilu

Terashima-san,

Mun iso gida lafiya. Tokiko ta ce miyar da ka dafa mana gishiri ya yi mata yawa, ni kuwa na shanye tawa.

Na gode da ranar Lahadi. Tun rasuwarsa ban yi dariya ba sai da ka miƙo mini tsohuwa mai dankali kana tambaya ko fitilar tasha ce. Rufin tara ɗin baƙi ne a hannuna yanzu, amma kada ka damu, zan sake goge su, ina da lokaci.

Ga abin da ya sa na rubuto. A can ƙarshen teburin, bayan ramin dutse, hannuna ya faɗa kan katako tsirara, dandamali ne babu rufi, babu benci. Ban san wurin ba. Da na tambaya ka ce, "Tafiyarmu ce ta Nuwamba," sai ka tashi ɗora ruwan shayi, ba ka dawo ba sai da ruwan ya kusa ƙonewa.

Daga waccan tafiyar ya dawo bai ba ni labari ba. Ya ce in jira sai ya gama ginawa. A Janairu aka kwantar da shi a asibiti.

Kai kaɗai ka ga wurin. Ka ƙarasa mini tashar, da manyan kaya, ka kai ni da yatsana kamar yadda yake yi. Bayan haka a ba ɗakin taro teburin, amma ban da gilashi. Duk wanda ya zo ya taɓa.

Ina godiya da shekarun da ka yi kana dawo mini da shi gida.

Sumie

Yonago, 26 ga Afrilu

Sumie-san,

Gaisuwa. Tokiko-san, ki karanta mata duka, kada ki tsallake.

Na sayo katako. 'Yar tasha ce a bakin teku, can arewa, jirgi uku a rana. Benci ɗaya ne, yana kallon ruwa. A kansa Shige ya zauna yana auna rufin da ido, da jirgi ya zo sai Shige ya kasa miƙewa. Ni na goya shi zuwa ciki. Ba shi da nauyi ko kaɗan. A kafaɗata ya ce, "Kada ka gaya wa Sumie. Ka ce mata teku ya yi kyau."

Tekun ya yi kyau, wannan gaskiya ne.

Zan zo ɗaukarku ranar Asabar da jirgin ƙarfe goma. Kafin nan ki yi tunani, in sa mutum biyu a dandamalin, ko in bar shi babu kowa.

Terashima