Na ajiye wa malamata cuku, ga shi ban san ƙofar gidanta ba

Malama Nasiratu mai filin shawara, ɗiyata, salamu alaikum.

Ki taimake ni da shawara, don abin ya fi ƙarfin kaina, kuma waɗanda na saba kai wa irin wannan magana duk ƙasa ta rufe su. Ni tsoho ne a nan Tawa. Ƙafafuna sun gaji, daga ɗaki zuwa zaure sai da sanda, masallacin unguwa ma ba kullum nake kaiwa ba. Mai ɗakina Salamatu ta rasu. Ƴaƴa suna Yamai da ƙasashen waje wurin neman abinci, suna kira suna aike, Allah ya yi musu albarka, amma waya ba ta zama kusa da mutum a kan tabarma. Ki yi haƙuri in na yi ta kewaye-kewaye.

Na yi lakwal, wato makarantar boko, tun zamanin da ake kamo yara daga ƙauye da ƙarfi. Da na fito aka ɗauke ni aikin kulob ɗin rediyo. Yaran yanzu ba su san shi ba. Mukan tara mutanen gari su saurari shiri, sannan mu ɗauki ra'ayinsu a manyeto, akwatin ɗaukar murya, mu aika Yamai. Na rataya wannan akwati a kafaɗa na zaga Afala da Kalfu har Tebaram, wani lokaci a kan raƙumi, wani lokaci a ƙasa. Ilimin aikin kuwa, ɗan abin da na samu, da ƙyar na same shi. Littafi guda ne a ofis, yana cikin kabad ɗin shugabanmu, shi ke riƙe da mabuɗi. In ya ga dama ya ba ka ka duba a gabansa, ka mayar. Waɗanda aka tura koyo ƙasar waje sukan dawo suna yi mana magana kamar sun je hajji mu ba mu je ba. Ban taɓa jin haushi ba, don haka muka tarar da ilimi. Yana da mai shi, yana da ƙofa, kuma sai ka durƙusa.

To, da damina ta tsaya sai wata mata ta yi sallama a zaurena, sunanta Balkisa. Ita ke jagorancin wata ƙaramar rediyon jama'a a wajen Tebaram. Ta ce mahaifinta ya sha ba ta labarin wani mai akwati da ya taɓa ɗaukar muryarsa yana maganar rijiya har aka ji shi a rediyo, kuma har ya rasu yana alfahari da wannan. Ta yi ta cigiya har ta same ni. Ta ajiye mini wata waya mai faɗin fuska, ta ce a ciki akwai darussan aikin jarida da rediyo, waɗanda wata malamar jami'a a wata ƙasa mai nisa ta rubuta da Faransanci, ta sake su a intanet kyauta, kowa ya ɗauka. Masu gabatar mata da shirye-shirye, mata da maza, yawancinsu Faransancinsu bai kai ba. Tana so in juya darussan zuwa Hausa da bakina a ɗauka, kuma su riƙa zuwa gidana ina koya musu.

Ɗiyata, ban san yadda zan gaya miki abin da na gani ba. Na sa tabarau na fara karantawa da hantsi, ban ɗago ba sai da na ji kiran azahar. Duk abin da na yi shekaru ina lalube a duhu yana nan a jere, kowanne da sunansa. Yadda ake riƙe mikiro, yadda ake bin jita-jita har tushenta kafin a faɗa wa jama'a, yadda ake barin mai magana ya yi shirunsa ba a katse shi ba. Wannan na ƙarshe na ɗauka ni kaɗai na gano shi, a gindin wata aduwa a Afala, ashe yana da babi guda nasa. Akwai hoto mai motsi, malamar da kanta tana bayani, mace mai ɗan furfura, tana magana har da hannuwa. In ban gane ba sai in mayar da ita baya ta sake faɗa, ba ta ƙosawa, ba ta duban agogo. Akwai inda na yi magana na ga muryata ta fito a zane, tana hawa tana sauka kamar tuddan rairayi na hanyar arewa, kuma da ɗan yatsa ake yanke inda mutum ya yi tari. Mu da reza muke yanka zaren kaset mu liƙa, in hannu ya goce maganar bawan Allah ta tafi ke nan. Na zauna na yi ta tasbihi. Ashe zan rayu in ga an cire ƙyauren kabad ɗin nan gaba ɗaya. Na juya in nuna wa Salamatu, sannan na tuna.

Ga inda damuwar take. Mu yadda aka rene mu, ba a karantar da littafin malami sai ya ba ka izini da bakinsa. Ka je ka gaishe shi, ka kai ɗan abin da ya sauwaƙa, ya sa maka albarka. Ilimin da aka ɗauka ta bayan gida ba ya yin albarka. Balkisa ta nuna mini wani ɗan rubutu a ƙarshen shafi, ta ce shi ne izinin, an ba kowa. Na karanta, ya ce a kwafa, a raba, a juya, in dai an ambaci mai shi. Amma zuciyata ta kasa ɗauka. Izinin da ba a san wanda aka ba wa ba, izini ne? Maƙwabcina Ciɗo tela, wanda shi kaɗai ya rage mai leƙo ni, cewa ya yi abin da aka yar a hanya kowa ya tsinta, ko dai ba shi da daraja ko kuma akwai ƙugiya a ciki. Wai kuma in daina wahalar da kaina, tsoho da karatun jarida sai ka ce an ɗinka wa raƙumi wando.

Sai na sa aka sayo mini cuku mai kyau daga wurin makiyaya, na naɗe shi a ƙyalle mai tsabta. Na ce Balkisa ta rubuta wa malamar gaisuwata da neman izini, ta tambayi ta inda za a aika mata da tsarabar. Amsa ta dawo tun kafin Balkisa ta mayar da waya jaka, wai malamar ba ta ofis a halin yanzu. Ko gaisuwar ba a amsa ba. Ni kuwa na san irin wannan amsa. In ka yi sallama a ƙofar babban mutum aka leƙo nan take aka ce ba ya nan, an sallame ka ne cikin mutunci. Balkisa ta ce na'ura ce ta amsa. To ai na'urar ma wani ne ya ajiye ta a bakin ƙofa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. Wasu wurare in na juya su yadda suke, na cuci yaran. Darasin ya ce a sa wanda ake hira da shi ya faɗi cikakken sunansa da na wanda yake magana a kai, a dube shi ido cikin ido, a shiga tambaya ba ɓata lokaci. A ƙasarsu wataƙila haka ya dace. A nan ƙasarmu ta Adar in ka tambayi mace sunan mijinta ko na ɗanta na fari a gaban mikiro, ta rufe fuska, hira ta ƙare. Dattijon makiyayi kuwa in ka tsura masa ido ka jefa tambaya tun shayi bai zagayo ba, sai ya ƙara jan rawaninsa sama ya ce maka komai lafiya lau, ko da rijiyarsu ta ƙafe. Ina so in gyara waɗannan wurare. Amma wane ni in sa hannu a littafin malamar da ko sallamata ba ta amsa ba? Ɗalibi yana gyara wa malami a bayan idonsa?

Balkisa ta ce da an gama girbi za su fara, tana jiran amsata, in ban iya ba za ta nemi wani, kuma ban ga laifinta ba. Ba zan ɓoye miki ba, ina son aikin nan kamar raina. Tun ranar da ta zo na sa aka share zaure aka shimfiɗa tabarmi. Sai dai ni da na fi kusa da kabari fiye da kasuwa, ba na so in tafi da haƙƙin wata baiwar Allah a wuyana. Cukun yana nan rataye, kullum ina dubansa. In karɓi aikin ko in haƙura?

Tsohon mai manyeto, Tawa

*

Baba, wa alaikumus salam. Allah ya ƙara lafiya, ya jiƙan Inna Salamatu.

Ka karɓi aikin. Ka aika wa Balkisa yau, kada ka jira girbi.

Tsoronka yana da tushe, kuma da ma masu kwashe aikin mutane su liƙa sunansu a kai suna da ko rabinsa. Malam Ciɗo ma bai yi ƙarya duka ba, akwai abin banza a intanet, akwai mai ƙugiya. Amma ka san randar da ake girkewa a ƙofar gida da moɗa a kanta. Mai ita bai san wanda zai sha ba, kuma ba ya bukatar a buga masa ƙofa a kan kowace moɗa. Da ya girke ta ya riga ya ba da izini. Malamarka haka ta yi, da gangan, har ta rubuta. Sharaɗinta shi ne a ambace ta, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinka, don malaman zaure ma sukan faɗi daga wanda suka karɓa. A farkon kowane darasi ka faɗi sunanta da sunan littafin, ka ce kai ne ka juya.

Maganar amsar nan kuwa, Balkisa ce da gaskiya. Irin wannan saƙo kowa yake zuwa wa. Ko mahaifiyarta ce ta rubuto a ranar, shi za ta samu. Malamar ba ta ma ga gaisuwarka ba a lokacin, balle ta sallame ka. Ku sake rubuta mata, wannan karon godiya da labarin abin da kuke yi. In ta amsa madalla, in ba ta amsa ba aikinku bai rataya a kan haka ba.

Wajen gyara ne nake so ku yi hattara. Irin wannan izini ba duka ɗaya ba ne. Wani ya yarda a juya a gyara, wani a kwafa kawai yadda yake, wani ya hana sayarwa, wani kuma ya ce abin da ka gyara kai ma ka sake shi ga kowa. Wanda ka karanta ya ce a juya, to ƙofa a buɗe take. Duk da haka ku duba kowane darasi, musamman hotuna, don wani lokaci suna da nasu sharaɗin. Inda ka sa hannu ka faɗa a fili cewa nan maganar malama ce, nan kuma taka ce. Gyaran bayan ido shi ne wanda aka ɓoye. Sannan kada ka zubar da dalilinta. Ta ce a nemi suna ne don mai sauraro ya san mutum na gaske ke magana. Ka koya wa ɗalibanka yadda za su tabbatar da sunan ta wata hanya, wurin maƙwabciya ko bayan an kashe mikiro, ba tare da sun kunyata kowa ba.

Ka kula da jikinka. Su zo maka da safe, zama gajere, in ka gaji a tashi. Kada sha'awa ta ɗora ka a hanyar Tebaram. Ka gaya wa ƴaƴanka, za su ji daɗi. Abin da ka ƙara na Adar kuwa a ɗauke shi da kyau, ku sake shi da irin wannan izini, don wani a Dogon Dutsi ko Sakkwato ya sha daga taka randar.

Saura cuku. Kada ka ba shi hanya, ba zai isa ba. Ranar da ɗalibai suka fara zama a kan tabarmin nan ka sauko da shi, a ɗora shayi, a kira Malam Ciɗo ya zo ya ga wandon raƙumi. Ku ci, ku yi wa malamar addu'a da sunanta, Balkisa ta ɗauki hoto ta aika mata. Gaisuwarka ta isa ke nan.

Allah ya sa albarka a aikin, ya cika zaurenka da muryoyi, ya ba ka ƙarfin ganin an kammala.

Ɗiyarka, Nasiratu