Harsashi Mai Kitse

Bron, ƙasar Faransa, daren Talata

Hannuna na dama a naɗe yake, da ƙyar nake riƙe biro.

Yau a jami'a malamin tarihi ya nuna mana zanen boren Indiya na 1857: Ingilishi sun ɗaure sojojin Indiya a bakin igwa, sun harba, nama ya watse. Sai wani ɗan ajinmu, ɗan gurguzu, ya ce harsashi mai kitsen alade da na saniya da aka sa sojojin su ciza har suka yi bore, wai hujja ce kawai. Wai asalin faɗan na manoma ne da masu ƙwace ƙasa.

Na ce, "Kai an taɓa cusa maka haram a baki?"

Ya yi dariya. Na daki tebur, kofin gilashi ya fashe a tafina, jini har kan takardunsa.

A cikin tram, jirgin ƙasan cikin gari, abokina Isufu ya ce, "Sani, bai yi ƙarya duka ba. Da Faransawa suka ƙone garinku zamanin kakanni, ai rumbuna suka fara wawashewa."

Na sani. Amma kakata ba ta taɓa yi mini kukan gero ba. Rijiyar da suka cika da gawa take ambata, kuma har ta rasu ba ta sha ruwanta ba.