Ƙishirwar Sanata

Noyo, 19 ga Agusta, 1984

Maigidana Gaspar,

Gaisuwa mai yawa da kewa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da mutanen jirginku, kuma sanyin Alaska bai tayar maka da ciwon gwiwar nan ba. Mu nan lafiya lau. Mama ta ce in tambaye ka ko kana sa rigar ulun da ta saƙa maka. Ka ce e, ko da ƙarya ne.

Albishirinka, Sanata ya dawo daga kudu. Ranar Talata ina gyaran kifi a kan gadar katako, inda jiragen kamun kifi ke tsayawa, sai na ji haushinsa, na leƙa na ga tabon nan na wuyansa. Har yau in na tuna cewa mutum mai hankali ya shiga ruwa da wuƙa don ya kwance wa zakin teku raga daga wuya, dabbar da ke sace masa kifi, sai in ce ban yi bincike sosai ba kafin in aure ka. Shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma har gobe sunan ya dace da shi: ci kyauta, surutu, barci.

Amanar da ka bar mini tana nan. Ka ce in ya riga ka dawowa in tsare shi daga bindigar Ulrik, to na je har jirgin tsohon na faɗa masa. Ya ce, “Ondina, ki ce wa mijinki ya sa ɗan nasa a makaranta mana, ko ya daina sata.” Na ce masa ai ɓarayin da ke gadar nan ba duka ne ke da gashin baki irin na kyanwa ba.

Ga wani sabon abu. Ina wanke gada da tiyo bayan aiki, sai Sanata ya matso ya buɗe baki a ƙarƙashin ruwan, ya yi ta sha. Wallahi Gaspar, ni da bai taɓa kulawa ba! Yanzu kullum sai na cika masa bokiti. Ka dawo da wuri, in ba haka ba zan ƙwace maka aboki.

Taka har kullum,
Ondina

Noyo, 2 ga Satumba

Gaspar nawa,

Ina gaisuwa. Yaya aiki, yaya gwiwa? Wasiƙarka ta iso, kuma na ga dariyar da ka ce ka yi a kan zancen bokiti. Da ma ban rubuta maka shi ba.

Kwana biyu bayan na aika waccan wasiƙar, Ulrik ya tsaya yana kallona ina cika bokitin. Sai ya ce, “Yarinya, shekara arba'in ina faɗa da 'yan banzan nan, ban taɓa ganin mai lafiya ya sha ruwa ba. Ruwansu a cikin kifi yake. Ki kira mutanen asibitin dabbobin nan.” Na ce masa, “Ka ji mai tausayi! Yaushe kura ta zama likita?” Ya ɗaga kafaɗa ya wuce.

Ka san halinmu a gadar nan, ba ma kiran baƙi. Wanda ya kira su yau, gobe ma'aikatan gwamnati sun cika wurin suna leƙa jiragen mutane, kuma shi ke nan an daina gaisawa da shi a coci. Na ɗauka tsohon so yake a ɗauke masa Sanata daga gabansa, ni kuma a bar ni da baƙin jini. Kuma gaskiya, ina jin daɗin abin. Dabbar da ba ta san kowa ba sai kai, ga ta tana jirana da safe.

Sai ya daina cin kan kifin da nake jefa masa. Sai ya fara kwanciya a dunƙule, ya naɗe hannuwansa a kan ciki kamar mai ciwon mara. Haushin ma ya tsaya. Ranar Alhamis na gan shi yana lasar ruwan da ya kwanta tsakanin katako, haƙarƙarinsa duk a waje. Nan take na shiga shagon ƙanƙara na buga waya.

Mutum uku suka zo da mota da keji, shugabarsu wata likita ce, Dakta Yuen. Ba su isa su tura shi keji su kaɗai ba, kuma duk mazan gadar suka tsaya daga nesa suna shan taba. Ulrik ne ya sauko ya kama allon katakon da suke tura shi da shi tare da su, yana zagin Sanata har aka rufe kejin.

Likitar ta ce sunan cutar lepto, ƙoda take ci, shi ya sa ƙishirwa. Ta ce bana sun kwashi irinsa masu wannan cutar fiye da yadda wurinsu zai ɗauka, duk bakin tekun nan gawa ce. Ta tambaye ni tun yaushe yake shan ruwa. Na ce kwana uku. Gaspar, kwana goma sha shida ne, kuma goma cikinsu bayan an faɗa mini ne.

Na kunna masa kyandir a coci. Mama ta ce wannan saɓo ne, amma ita ta ba ni ashana.

Matarka,
Ondina

Noyo, 9 ga Satumba

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sa wannan ta same ka a zaune, ba a bakin aiki ba.

Sanata ya mutu ranar Laraba da hantsi. Sun yi masa ƙarin ruwa da allurai kwana shida, ƙodar ba ta tashi ba, sai suka yi masa allurar da za ta hutar da shi. Na tuƙa mota awa huɗu na je, amma na tarar an gama.

Na faɗa wa Dakta Yuen gaskiyar kwanakin. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Na ce, “Likita, don Allah kar ki lallashe ni. Da na kira ku a makon farko, zai tashi?” Ta ce ko waɗanda aka kawo da wuri, da yawa ba sa tashi. Na ce ba wannan na tambaya ba. Sai ta cire tabarau ta shiga goge shi da bakin riga.

Ba bindiga ce ta ci amanarka ba, ni ce. An faɗa mini gaskiya na ƙi ji, don daga bakin wanda ba na so ta fito. Ba na neman ka ce ba komai. Idan ka dawo kana so ka yi kwana biyu ba ka yi mini magana ba, zan zuba maka miyar wake in koma gefe.

Akwai saura guda, kuma gara ka ji daga wurina kafin ka gani da idonka. Likitar ta ce cutar tana cikin fitsarinsu, tana kama karnuka da mutane, don haka dole a wanke inda ya kwanta. Ka san ƙarshen gadar, wurin da maiƙon jikinsa ya rina katako ya yi baƙi, daidai girmansa, har da inda yake ɗora kai. Jiya na sa takalmin roba da safar hannu, na ɗauki buroshi da ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta. Ulrik ya zo ya ce, “Kawo, 'yar nan, ba aikinki ba ne.” Na hana shi. Na durƙusa na goge tun daga wutsiya har kai, ina kuka, mazan gadar suna yi kamar ba su gani ba.

Katakon ya fita fes, Gaspar. Idan jirgi ya shigo da kai, kar ka duba wajen, babu ko alama.

Ka gaishe da mutanen jirgi. Mama tana gaishe ka.

Ni ce matarka,
Ondina Furtado